Addu'ar da Iya Ba Ta Ji Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda lafiya da ciwo duk a hannunsa suke. An daɗe da gama jinyar kakata, amma har yau in na je dubiya asibiti na ga 'yan'uwa sun kewaye gadon tsoho, leɓe na motsi ba a jin abin da ake faɗa, sai in ji kamar in ja ɗayansu gefe in ba shi labarina. Ba na iyawa, don ba su san ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Iya ce ta haifi mahaifina. Ina da shekara huɗu ya rasu, mahaifiyata ta gama takaba ta yi aure can wajen Haɗeja, aka bar ni a hannun Iya a ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa. Fura take yi ta sayarwa, da ita ta ciyar da ni har na zama malamar firamare a Dutse. Amma tana da wani aikin da ba a biyanta. Duk matar da ciwo ya yi wa tsanani a ƙauyen, Iya ake aika wa. Ita za ta zauna a kanta, ta juya ta ta fuskanci gabas, ta riƙa tuna mata kalmar shahada, in rai ya yi halinsa ta yi mata wanka.

Takan ce mini, "Ni ba a jikin mara lafiya nake ganewa ba, a fuskar 'yan gidan nake gani. In kin shiga gida kin ji an rage murya, an daina yi masa faɗa, an yanka masa abin da ba a taɓa yanka masa ba da lafiyarsa, ana karatu ƙasa-ƙasa, to ki koma ki ɗauko sabulu."

Na ji wannan maganar ya fi a ƙirga. Ranar da nake buƙatarta kuwa ta ɓace mini ɓat.

Ni da Iya ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba, wasan jika da kaka ne tsakaninmu tun ina yarinya. In na sauka daga mota ranar Juma'a, tun daga zaure nake ɗaga murya: "Tsohuwa, ashe har yanzu kina nan? Yaushe za ki mutu mu ci gumba?" Gumba ita ce geron da ake dakawa da sukari a raba sadaka in tsoho ya rasu, kuma jikoki ne ke da babban rabo. Ita kuma ba ta ko ɗago kai daga turmi za ta ce, "Malamar ƙarya, sai haƙoranki sun zube kafin ki ɗanɗani gumbata." In na matso ta kai mini mintsini a cinya. Gaisuwarmu ke nan.

Da daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ne ciwon ya zo. Tun kafin nan tana cewa bayan wuyanta na riƙewa, in ta sunkuya tana ganin jiri. Na saya mata ƙwayar ciwon kai a kemis na ce tsufa ne. Wannan laifina ne na farko, kuma ina roƙon duk mai tsoho a gida, in ya ji irin wannan koken, ya kai shi a auna jininsa. Wata safiya tana daka, taɓarya ta suɓuce, ta zube a gefen turmi. Bakinta ya karkace, hannu da ƙafar dama suka mutu, magana ta ɗauke. Mutanen gida suka ce iska ce ta shafe ta, aka kwana biyu ana turare. A rana ta uku ne wani direban motar kasuwa ya kawo mini saƙo.

Na same ta kwance a ɗakinta, hayaƙin turare ya cika ko'ina. Idanunta ras suke, suna bina tun daga ƙofa. Da na durƙusa ta miƙo hannun hagu ta kama cinyata, tana jira. Ni kuwa, don tsoro, sai na sassauta murya na ce, "Sannu Iya. Ya jiki?" Tun da aka haife ni ban taɓa gaishe ta haka ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye hannunta.

Muka ɗauko ta a bayan motar hatsi zuwa wani asibiti a Dutse, ba sai na faɗi sunansa ba. Layin yankar kati kaɗai ya ci mana safiya, Iya na kwance a tabarma a baranda, yayyafi na fesowa. Sai bayan azahar aka samu gado. Likitan matashi ne, ba ya ɗago kai sosai, amma ya san aikinsa. Ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya kira shi "sitirok". Sannan ya ce, "Kun makara da kwana biyu." Wannan maganar ta zauna mini.

'Ya'yan Iya biyu ne suka rage. Baffa Sani, ƙanin mahaifina, yana kasuwanci a Kano. Gwaggo Asabe tana aure a ƙauyen. Baffa ya zo washegari ya sayi magungunan farko gaba ɗaya, Allah Ya saka masa, don ba ni da yadda zan yi da su. Amma da ya ga kwalbar rubutu a ƙarƙashin gado, wadda Gwaggo ta karɓo wajen malamin ƙauye, sai ya ɗauka ya tsiyaye a magudana. A shekarar nan kowa jininsa a kan akaifa yake game da addini. Suka yi cacar baki a baranda, ita tana cewa da rubutun nan aka raine shi, shi yana cewa ba a samo shi daga koyarwar addini ba. Daga baya ya rubuta mini addu'ar neman waraka da Larabci a takarda, ya ce in ɗora hannu a kanta bayan kowace salla, in karanta, in tofa. Ya kama hanyar Kano da yamma. Gwaggo ta kwana uku ta ce gona na jira, ga yara, ga maigida.

"Ke ce mai hutu, Rakiya," in ji ta. "Makaranta a rufe take. Allah Ya ba ki lada."

Haka aka bar ni da Iya.

Makon farko tana shan kunu da cokali, kaɗan-kaɗan, wani na zubowa ta gefen da ya mutu. Na koyi juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, na koyi canja mata zane ba tare da na tashe ta zaune ba. Shimfiɗata tabarma ce a ƙarƙashin gadonta. Girki a bayan ɗakin ake yi, kan duwatsu uku, in ruwa ya sauko kowa ya kwashi tukunyarsa. Abin da ya fi mini wuya shi ne ƙarfe huɗu, lokacin dubiya. Ɗakin zai cika da mata da kwanukan abinci, kowane gado da mutanensa, ana gaishe-gaishe. Gadonmu ne kaɗai ba mai tsayawa. Sai in ɗauki mafici in yi ta yi wa Iya fifita ko da ba zafi, don dai a ga ina wani abu.

Addu'a kam na yi ta. Sau biyar a rana nakan zauna a gefenta, in ɗora hannu a goshinta, in karanta abin da Baffa ya rubuta a cikin raina, leɓe kawai ke motsi, hawaye na zuba, in tofa mata. Haka na ga ana yi, haka na ɗauka ladabin addu'a yake. Na daina ce mata tsohuwa. In ta zubar da kunu ba na cewa komai sai "ba komai, Iya". Da albashina ya ƙare a kan allurai da ledojin ruwa, na aika aka sayar da akuyarta, kuma abin da na fara saya shi ne kaza. Na yi mata farfesu, na sayo madarar gwangwani da lemo. Iya da ba ta cin kaza sai da salla. Ta kalli kwanon, ta kalle ni.

A rana ta goma ta rufe bakinta.

Da farko na ɗauka abincin ne ba ta so, na canja, na sake canjawa. Ruwa kaɗai take yarda a jiƙa mata leɓe. Ta yi ta jan rigata da hannun hagu tana nuna bango, har sai da na juya ta ta kwanta a gefen dama. In na mayar da ita ɗaya gefen sai ta yi ta gurnani. Ban lura ba cewa bangon nan shi ne gabas. Washegari ta murza zoben azurfarta da haƙori ta cire, ta danƙa mini a tafin hannu. Na ce a raina yatsan ne ya kumbura.

Mako na uku ya same ni ina neman zaucewa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ni ce ban iya ba da abinci ba, ta karɓi cokalin ta gwada, Iya ta dantse haƙora. Aka zura mata roba ta hanci don a riƙa ɗura mata kunu, ta fizge ta kafin la'asar. Gwaggo ta leƙo ranar kasuwa ta ce a mayar da ita gida ta cika a ɗakinta, kuma a gaban Iya ta faɗa, da raɗa. Baffa ya aiko a ce in ƙara dagewa da addu'a. Na dage. Na ƙara yawan karatun, na ƙara sassauta murya, na ƙara kuka. Iya kuwa kullum ƙara shigewa take cikin katifa, har ƙashin kuncinta ya fito.

Ranar Talata likita ya duba takardarta ya ce, "Jinin ya sauka, ciwon ya tsaya. Yanzu ba ciwon ne zai kashe ta ba, yunwa ce." Ya ce in ba ta ci ba zuwa Alhamis za a mayar da robar, kuma wannan karon dole a ɗaure hannun hagun a jikin gado. Hannun da ya rage mata ke nan a duniya. Da shi take nuni, da shi take ja na, da shi take ɗaga yatsa. Na fita bayan ɗakin na rasa wanda zan gaya wa.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa mai ciwon suga da gyambo a ƙafa. Matar ɗanta ce ke jinyarta, ana ce mata Maman Bulus, Kirista ce daga Filato, mijinta yana aiki a sakatariya. Gaskiya ban so maƙwabtakarsu ba da farko. Surutu gare su. Su yi addu'a da ƙarfi, su yi waƙa, su yi faɗa a kan gishiri, tsohuwar ta zage ta, ita ta rama, su yi dariya. Ina ganin rashin ladabi ne a gaban mara lafiya. Amma ita ce ke ɗiba mini ruwan zafi a risho ɗinta kullum ba tare da na roƙa ba.

Ranar Laraba da hantsi muna wanki a bakin famfo, ta ga ina share hawaye da bayan hannu. Ta bar wankinta ta ce, da Hausarta ta mutanen Jos, "Malama, in tambaye ki. In kin sa hannu a kan Mama, me kike ce ma Allah?"

Na ce, "Lafiya nake roƙa mata. Allah Ya tashi kafaɗunta."

"Ita ta sani?"

Na ce ai Allah nake roƙo, Shi kuma Yana ji.

"Ya ji, ban ce bai ji ba. Amma ni daga gadonmu, da na gan ki, na ɗauka sallama kike yi mata. Har na gaya ma tsohuwata mu rage surutu, Maman can tana tafiya."

Zanen da ke hannuna ya koma cikin bokiti. An rage murya. An daina faɗa. An yanka kaza. Ana karatu ƙasa-ƙasa. Ba abin da na bari a cikin jerin Iya, duk na yi mata, ɗaya bayan ɗaya, da hannuna. Matar da ta yi shekara arba'in tana karanta fuskokin 'yan gida ta karanta tawa, ta juya gabas, ta ba da zobenta, ta kwanta tana jira. Ni kuma ina zaune a kanta ina roƙa mata tsawon rai ba ta sani ba.

Da na idar da la'asar ɗakin ya riga ya cika da masu dubiya. Kunya ta so ta hana ni, amma Alhamis gobe ce. Na kama kafaɗar Iya na juyo ta daga bango. Ta yi gurnani, ban saurara ba. Na ɗora hannu a goshinta na karanta addu'ar Baffa a fili, sannan na ci gaba da Hausa, da muryar da nake koyar da 'yan aji uku.

"Ya Allah, Ubangijin mutane, ga baiwarka Iya. Kai ne mai warkarwa, ba mai warkarwa sai Kai. Ka ba ta lafiya. Ka buɗe mata baki ta ci abinci. Ka mayar da ita ɗakinta da ranta, ta ga an yanke geron bana. Ya Allah, ba ni da kowa sai ita, kada Ka karɓe ta yanzu."

Matan da ke kusa suka ce amin, na ji muryar Maman Bulus a ciki. Iya ta buɗe ido tana bincika fuskata. Na ga ba ta yarda ba. Ta sha jin ana yi wa masu tafiya irin wannan addu'ar don a kwantar musu da hankali.

Sai na share fuska na gyara zama na ce, "Tsohuwa, kin dai ji abin da na roƙa. Likita ya ce ciwon ya tsaya, taurin kai ne kawai ya rage. Na gaji da warin asibitin nan. In ma mutuwar za ki yi, ki bari a yanke gero, don ni ba zan ci gumbar tsohon hatsi ba."

Wata mai dubiya ta ce, "Subhanallahi, wace irin yarinya ce wannan?"

Wata dattijuwa ta ce mata, "Ƙyale ta, jika ce."

Hannun hagun ya taso a hankali daga kan zane, ya lalubo cinyata. Mintsinin ba shi da ƙarfi ko kaɗan, amma ban taɓa jin daɗin wani abu kamarsa ba. Rabin bakinta mai rai ya ɗan ja sama. Na ce, "To zan sake, wannan karon ki ce amin da bakinki, ba ni kaɗai zan yi ta wahala ba." Na sake addu'ar. Ta yi ta kokawa da harshenta, can sai ga wani sauti ya fito, rabin amin ne, amma kowa a wajen ya gane shi.

Ban kawo kaza ba. Na fita bakin ƙofar asibiti na sayo fura wajen wata mai talla, na dama da ruwa-ruwa. Cokalin farko ta yamutsa fuska, don mai fura ba ta yabon furar wata. Na ce, "Na sani ba ta kai taki ba, haka za ki sha." Ta sha cokali huɗu. Da safe ta sha tara. Likita ya zo ranar Alhamis ya duba, ya ce a bar robar.

Mun ƙara mako biyu a asibitin. Aka koya mini yadda zan riƙa miƙe mata hannu da ƙafa, ina yi ina mata gorin nauyi. Addu'a kuma ban sake yin ta a ɓoye ba. Ina godiya ga likitan nan, da ma'aikaciyar da ta yi mini faɗa amma ta riƙa leƙo mu ko ba aikinta ba ne, da Maman Bulus da ban sake gani ba tun ranar da aka sallame mu. Ina da ƙorafi kuma. A cikin duk masu ba ni shawara, daga mai cewa rubutu zuwa mai cewa tofi, ba wanda ya zauna yini ɗaya ya kalli idon Iya.

Ba ta sake tafiya ba, amma magana ta dawo a gutsuttsure. Wata Juma'a ina shafa mata man zafi a tsakar gida na tambaye ta me ya sa ta daina ci. Ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"Na ga kaza," ta ce. "Na ga kin yi ladabi. Na ce shi ke nan."

Na yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi. Sai ta ƙara da cewa, "Kwana takwas ina jira. Ni kaɗai."

Wannan ce ba ta bar ni ba har yau. Ina nan a gefenta, hannuna a goshinta, amma ita kaɗai ta yi kwanakin nan. Don haka nake cewa duk mai jinyar tsoho, ka yi masa addu'a, ka yawaita, amma ka bari ya ji abin da kake roƙa, da harshen da yake ji, ya samu abin cewa amin. Kuma yadda kuka saba da lafiya, kada ka canja masa don ya kwanta.

Iya ta yi wata biyar a ɗakinta. Ta ga an yanke gero, ta sha furar sabon hatsi ta ce Gwaggo ba ta iya daka ba. Ciwon ya dawo mata wata safiyar Litinin ina cikin aji a Dutse, kafin saƙo ya iso an riga an kai ta. Matar da ta zauna a kan mutuwar rabin matan ƙauyen, ni ban zauna a kan tata ba.

Ranar sadakar uku jikoki suka cika gidan, har da waɗanda ba su san ƙofar asibitin ba, ana ta ihun a fito da gumba, kamar yadda aka saba. Ban iya shiga cikinsu ba. Gwaggo ta kira ni gefe ta miƙo mini ƙwarya da faifai a rufe. Dunƙule ɗaya ne a ciki, ya fi na kowa girma.

"Tun ranar da aka shigo da gero ta sa na ware dami ɗaya," in ji Gwaggo. "Ta ce na Malamar ƙarya ne, wai kin ce ba kya cin ta tsohon hatsi."

Na ɗauki ƙwaryar na shiga ɗakinta na zauna a inda gadonta yake. Na ce, da ƙarfi yadda za a ji, "Allah Ka jiƙan Iya, Ka yafe mata, Ka sa ta huta." Na ɗan saurara. Sannan na ce wa kaina amin, na gutsuri gumbar na ci.